Ni da Hajiya da Turbar Kan Dutse

Shekarar da Mama ta dawo wurina da zama, ina da shekara hamsin da ɗaya. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta a ƙauye, ya kashe mata hannun dama da ƙafar dama, ya bar mata baki, sai dai maganar ta yi nauyi. Mu biyu muka rage mata, ni da ƙanwata. Ita ƙanwata ɗaki biyu suke haya a Unguwar Gabas, ita da mijinta da 'ya'ya biyar. Ni kuwa maigidana ya daɗe da rasuwa, 'ya'yana biyu sun kama gabansu, ɗaya a Jos, ɗaya a Legas. Babu wanda ya kira taro don a yi shawara. Aka ɗauko Mama aka kawo ta Samaru, aka kwantar da ita a ɗakin da ba kowa.

Ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a Dogarawa. Kafin in fita sai na yi wa Mama wanka, na sauya shimfiɗa, na dama koko na ba ta da cokali, na jira wata dattijuwa 'yar cocinmu da ke zama da ita har la'asar. Daga nan in tari keke mai ƙafa uku zuwa Kwangila, in sauka in sake hawa wani zuwa Sabon Gari. In na dawo, ga wanki, ga girki, ga littattafan yara da zan duba, ga juya Mama don kada bayanta ya yi gyambo. Akwai gajiyar da barci ke maganinta, akwai kuma wadda za ka kwanta da ita ka tashi da ita. Tawa ta biyun ce.

Wata rana na kai Mama asibiti a duba ta. Likitan ya gama da ita, maimakon ya sallame mu sai ya tsaya yana kallona.

"Malama, ke fa? Yaushe rabon da a gwada jininki?"

Na ce ni lafiyata lau. Ya ce in miƙo hannu. Ya gwada, ya sake gwadawa, ya rubuta mini magani, ya ce dole in riƙa motsa jiki.

Na ce, "Likita, ni da ban zauna ba tun asuba, wane motsi kuma ya rage?"

Ya ce, "Wannan wahala ce kike sha. In kin faɗi, wa zai ɗaga tsohuwar nan?"

Wannan tambayar ce ta bi ni har gida. Da ina kwalejin horon malamai na yi gudun dogon zango, ba na zuwa ta ɗaya amma ba a taɓa barina a baya ba. Sai na ce a raina, ƙafar nan dai ita ce. Na sayi kambas na gwanjo a kasuwar Sabon Gari, na zaro wani tsohon wando na sa a ƙarƙashin doguwar riga, na fita da sassafe kafin Mama ta farka.

Layinmu ba wurin gudu ba ne. Kwata ta ɓalle a tsakiyar hanya, ɗakunan hayar ɗalibai sun cika ko'ina, kowane ɗaki da ruwan wankinsa a waje. Ban kai ƙarshen layin ba mai shayi ya miƙe tsaye, ludayi a hannu.

"Malama, lafiya? Wa ya biyo ki?"

Wasu ɗalibai mata da ke ɗibar ruwa suka tafa hannu, "Momi, weldon! Momi, ƙara wuta!" Wani mai keke ya rage gudu ya jera da ni, ya ce in shigo ya kai ni inda nake sauri. Kwana uku na yi, na ajiye kambas ɗin a bakin ƙofa.

Gidan da ke kallon namu na wata Hajiya ne, 'yar tsohon gida daga cikin birni, ma'aikaciyar ofis a jami'a, sashen da ke riƙe da fayilolin ma'aikata. Ta girme ni da shekara biyar ko shida, ita ma mijinta ya rasu. Shekara goma muna maƙwabtaka, abin da ke tsakaninmu gaisuwa ce, sai naman layya daga wurinta da shinkafar Kirsimeti daga wurina. Wata Lahadi da yamma ta shigo gaida Mama. Da za ta fita ta tsaya ta dubi takalmin.

Ta ce, "Na gan ki ta taga. Kwana uku, sai kuma shiru."

Kunya ta kama ni. Na ce abin bai karɓe ni ba.

Ta ce, "Ni suga ne. Likita ya dame ni kamar yadda ya dame ki. Na gwada filin cikin jami'a, sai ga ma'aikatan ofishinmu. Mutumin da nake ba umarni ya gan ni ina haki cikin hijabi, ranar Litinin da wane ido zan dube shi? Malama, ina da mota. Mu fita bayan gari ranar Asabar, inda ba wanda ya san mu."

Na roƙi ƙanwata ta riƙa zuwa ranar Juma'a da yamma ta kwana. Ta yarda, da sharaɗin in dawo kafin ƙarfe goma, domin tana da shagon ɗinki a Sabon Gari, kuma Asabar ce ranar kasuwarta.

Na ɗauka samun wuri ba zai yi wuya ba, tunda ko ta ina ka fita daga Samaru gona ce. Ashe neman ma aiki ne. Mun fara da wajen Bomo. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ba hawa ba gangara, ga 'yan acaba suna ta zirga-zirga, kowa ya wuce sai ya waiwayo. Mako na gaba muka ƙetare gari har gindin dutsen Kufena. Wurin yana da kyau, amma inda muka sauka masu fasa dutse sun riga mu, tifofi na shiga suna fita, muka koma mota muna tari. Sai muka sami wata turba a wajen Basawa, tana bin gefen rafi a ƙarƙashin itatuwan mangwaro. Mako uku muka yi muna jin daɗinta. A na huɗu muka tarar an kafa turaku, an jibge bulo, an ja waya ta tsakiyar turbar. Wani mutum mai igiyar awo ya ce an yanka wurin filoti-filoti, har ya tambaye mu ko muna so.

Sai da muka iso ƙofar gida na ce, "Hajiya, ko mu haƙura?"

Ta ce, "Mu ƙara Asabar ɗaya."

Hajiya mutuniyar ofis ce har a daji. Tana da wani ƙaramin littafi da take sawa a aljihun rigarta. Duk inda muka je sai ta zana hanyar, ta sa alamar itace, ta rubuta inda karnuka suke, inda hawa yake, da mintin da muka yi daga nan zuwa can. Ina yi mata dariya, tana cewa abin da ba a rubuta ba ba a yi shi ba.

Wurin da muka samu a ƙarshe, da ɓatan hanya muka same shi. Mun bi hanyar Shika, Hajiya ta wuce kwanar da aka kwatanta mana, ta shiga wata jar hanya don ta juya, sai hanyar ta ƙi ba da wurin juyawa. Muka yi ta tafiya har muka hango duwatsu uku a jere, baƙaƙe, da wani ƙaramin ƙauye a gindinsu. Damina ta kankama a lokacin. Muka ajiye motar a ƙarƙashin wata ɗorawa, nesa da gidajen, muka bi wani burtali da ya ratsa gonakin dawa ya zagaya bayan duwatsun.

Ban taɓa sanin akwai irin wannan wuri kusa da mu ba. Burtalin yakan hau tudu a hankali har ka ji cinyoyinka sun ɗauki zafi, sannan ya sake ka ka gangara zuwa fadama inda aka shuka rake. Daga nan a tsallaka wani ɗan rafi kan duwatsu, a sake hawa ta tsakanin kaɗanya da giginya. Raɓa takan jiƙe mana ƙafafun wando har gwiwa. Fakara takan tashi fir daga cikin ciyawa ta tsorata mu. Ba ƙarar inji, ba mai kiran Momi.

In na ce gudu muke yi, na yi mana kara. Sassarfa ce. Mukan zaɓi itace a gaba mu ce daga nan zuwa can, in mun isa mu koma tafiya, hannu a ƙugu. A hawa na biyu Hajiya takan fara salati tun daga ƙasa. Ni kuwa a mako na uku santsi ya kwashe ni a bakin rafin, na zauna daɓas cikin taɓo, a gaban wata tsohuwa da ke ɗauke da itace. Ta sauke kayanta ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce sannu, ta ɗauki itacenta ta wuce.

Asabar biyar muka yi haka. Duk wanda muka haɗu da shi a gona mukan ce sannu da aiki, ya amsa, ya bi mu da ido. Cikin ƙauyen ba mu taɓa shiga ba, domin ai gudun idon mutane ne ya fito da mu.

A ta shida, mun gama zagayen mun fito bakin burtali, sai muka ga mutum huɗu tsaye kusa da motar. Biyu da bindigar toka, ɗaya da adda, ɗaya da gora. Babbansu zai kai shekara arba'in, idanunsa jajur kamar wanda ya daɗe bai yi barci ba.

Ya ce, "Ku tsaya nan. Mu ne 'yan sintirin garin nan. Me ke kawo ku?"

Hajiya ta ce motsa jiki muke yi, likita ne ya sa mu.

"Duk filin da ke Zariya bai ishe ku ba sai bayan garinmu? Me kike rubutawa kullum? Kawo."

Ta miƙa masa littafin. Ya buɗe, ya yi ta juya shafukan, sauran suka leƙo ta kafaɗarsa. Ga duwatsun uku, ga rafin, ga inda turba ta shiga gari ta baya, ga inda ba karnuka, ga mintoci a rubuce.

Ya ce, "Wannan taswirar garinmu ce. Wa ya aiko ku?"

Sai a lokacin na dubi lamarin da irin idonsa, kuma na san ko ni ce haka zan ɗauka. Daga baya muka ji cewa kwana goma kafin nan masu garkuwa da mutane sun shiga ƙauyen da ke gaba, sun tafi da wani manomi da ƙanensa. Mutane suka ce kafin abin ya faru wasu baƙin mata sun yi ta zuwa wai tallar magani.

Suka karɓe wayoyinmu da makullin mota, suka sa mu a gaba har ƙofar gidan mai unguwa. Aka ce ya tafi jana'iza wani gari, sai ya dawo. Aka nuna mana wani kututture a gindin darbejiya muka zauna. Kafin a jima wuri ya cika. Maza suka tsaya nesa kaɗan suna magana ƙasa-ƙasa, mata na leƙowa ta saman danga. Na ji wani ya ce infoma. Na ji wani ya ce a ƙone motar, wani ya tsawata masa.

Wayata ta yi ta ƙara a aljihun babban nasu. Na san ƙanwata ce.

Na ce, "Malam, don Allah bari in amsa. Uwata ce kwance ba lafiya, ƙanwata na jirana."

Ya ce, "Kowa ma yana da uwa." Ya juya baya.

Mutane kan tambaye ni ko na ji tsoro. Na ji, amma ba shi ne ya fi yawa ba. Abin da na fi ji shi ne jikina ya mutu. Ina zaune ina lissafin maganin Mama na ƙarfe goma, da wankin da na jiƙa na bari, da jarrabawar yara da ban gama dubawa ba. Na ce a raina, safiya ɗaya tal a mako na nema wa kaina, ita ma ga abin da ta zama.

Rana ta ɗaga. Na dubi Hajiya. Gumi na zubo mata, leɓenta ya yi fari. Ta sha maganin suga da asuba, ba ta ci komai ba sai dabino uku, sauran kuwa suna cikin motar. Na miƙe na ce a taimaka da wani abu mai zaƙi, ko sukari ne, matar nan za ta faɗi. Ba wanda ya motsa. Kowa na jiran wani ya fara.

Sai ga tsohuwar nan mai itace ta kutso cikin taron. Ta dube mu, ta dubi 'yan sintirin.

Ta ce, "Waɗannan kuka kama? Ikon Allah."

Ba ta jira amsa ba, ta shige wani gida, ta fito da ƙwarya, fura ce an dama da sukari. Ta durƙusa ta riƙe wa Hajiya tana sha. Tana riƙe da ƙwaryar tana faɗa.

"Kullum Asabar ina ganin su. Wannan ta faɗi cikin taɓo a gabana, da ƙyar ta tashi. Waccan kuma in ta kama hawan nan sai ka ce za a zare mata rai. In waɗannan ne 'yan leƙen ɓarayi, to ɓarayin nan sun tsiyace."

Wasu suka yi dariya. Babban 'yan sintirin bai yi ba. Ya ce, "Iya, ba ki ga abin da suka zana ba."

Wajen sha ɗaya da rabi mai unguwa ya dawo a kan babur. Dattijo ne siriri, mai farin gemu. Aka shimfiɗa masa tabarma, ya saurari 'yan sintiri, ya saurari tsohuwar, sannan ya saurare mu. Ya tambayi gidan su Hajiya a birni, ta faɗa, ya ce ya san unguwar. Ya tambayi makarantar da nake koyarwa. Ya sa tabarau ya duba littafin shafi-shafi, a hankali, har ya nuna wani wuri ya ce, "Nan ba kaɗanya ba ce, maɗaci ne." Sannan ya rufe ya tura shi ƙarƙashin tabarma.

Ya ce, "Littafin nan ba zai koma Zariya ba. Na yarda ba ku zo da sharri ba, amma in ya faɗa hannun wani fa? Kuma Hajiya, ke babba ce, Malama ke ma kina koyar da 'ya'yan mutane. Mako biyar kuna wucewa ta bayan gidana, ba ku taɓa tsayawa kun yi sallama a ƙofa ba. Gari komai ƙanƙantarsa yana da masu shi."

Hajiya ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranka ya daɗe, mun yi kuskure. A yafe mana."

Ya sa aka mayar mana da wayoyi da makulli. Babban 'yan sintirin ya miƙo su ba tare da ya dube mu ba, ya ce shi dai har yanzu ransa bai kwanta ba.

Ƙarfe ɗaya ta wuce muka iso gida. Na tarar da ƙanwata a tsakar gida tana wanke zanen gado, idonta ya kumbura. Mama ta ɓata shimfiɗa, ta ƙi shan magani, ta yi ta kiran sunana. Masu ɗinki biyu sun je shago sun tarar a rufe.

Ƙanwata ta ce, "Yaya, uwarki na kwance, ke kina daji kina tsalle-tsalle da shekara hamsin. In da sun kashe ki fa? Ni kaɗai za ki bar wa wannan?"

Ban ga ƙarya a maganarta ba. Na shiga wurin Mama da taɓon ƙafata. Ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ta riƙe gam, ta daɗe ba ta saki ba.

Mako biyu ban ko dubi gidan Hajiya ba. A na uku ta yi sallama ta ce, ko ba za mu ƙara gudu ba, dole mu koma mu yi godiya. Ƙanwata ta ce wannan ne na ƙarshe da za ta zauna mini. Muka sayi goro da sukari da sabulu. Wannan karon a ƙofar gidan mai unguwa muka ajiye motar, muka gaishe shi, muka shiga muka gaida matan gidan, sannan muka nemi tsohuwar. Ta karɓi sabulun ta yi ta sa albarka. Ta ce, "Ku da kuke son hawa, ai ba ku hau komai ba tukuna. Ku biyo ni."

Ta bi da mu ta bayan rumbuna, ta wata 'yar turba da ba za ka gan ta ba sai ka taka ta. Turbar ta shiga tsakanin dutse na farko da na biyu, ta yi ta lanƙwasa tana hawa. Tsohuwar na gaba, ƙafa ba takalmi, ba ta ko haki. Mu muna baya muna dafa duwatsu. A sama akwai wani falalen dutse mai faɗi, inda ta ce matan garin ke shanya barkono da kaka.

Daga nan ana ganin komai. Ga fadamar raken kamar an shimfiɗa koren zane, ga burtalinmu siriri yana hawa yana sauka, ga gonaki har iyakar gani, da shanu farare can gefe. Nesa ga dogayen gine-ginen jami'a, Samaru kuwa ta zama ɗan tarin kwano mai ƙyalli. Can baya Kufena na tsaye cikin hazon damina. Na yi ta neman layinmu da ido ban same shi ba.

Dutsen ya fara ɗumi, iska na kaɗawa. Na ce bari in ɗan miƙe bayana. Abin da na sani ke nan. Da na buɗe ido, rana ta matsa, tsohuwar ta sauka, Hajiya na zaune kusa da kaina tana jan carbi, ta kare mini rana da gefen hijabinta.

Na zabura na ce, "Ƙarfe nawa? Me ya sa ba ki tashe ni ba?"

Ta ce, "Minti arba'in kika yi. Akwai sauran lokaci. Malama, tun da uwarki ta zo ban taɓa ganin fuskarki a sake ba sai yau."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ta bar ni har na gama, sannan muka sauko.

Ƙanwata ba ta cika maganarta ba, Juma'a na yi sai ga ta da ƙullin kayanta, tana mita. Muka ci gaba da zuwa har damina ta janye, aka yanke dawa, gonaki suka zama fili. Mukan fara da gaida mai unguwa, mu yi zagayen burtali, mu ƙare da hawa dutsen. Hajiya ta riƙa ba ni rubu'in awa in yi barci a sama, tana duba agogo. Mutanen garin suka saba da mu, har matan kan ɗaga murya daga masussuka su ce a gaida 'yan gudu. Babban 'yan sintirin sai da aka yi wata uku kafin ya fara amsa gaisuwarmu. Jinina ya ɗan sauka. Likita ya gyaɗa kai, amma bai rage mini magani ba. Gajiyar kuwa tana nan, in na dawo gida nakan same ta inda na bar ta, sai dai ina da abin da nake jira a ƙarshen mako.

Mama ta rasu da bazara, saura mako biyu Ista, da hantsi, ina ba ta ruwa. Kwana uku Hajiya na zaune a tsakar gidana cikin matan zumunta na cocinmu, su suna waƙoƙin ta'aziyya, ita tana karɓar masu gaisuwa tana nuna musu wurin zama. Bayan an watse sai na sami kaina da lokaci mai yawa, ban san abin da zan yi da shi ba. Nakan farka da asuba in nufi ɗakinta da ruwan wanka kafin in tuna. Wata biyu ban fita ko'ina ba sai makaranta da coci.

Da ruwan farko ya sauka, Hajiya ta lallashe ni muka koma. Tun daga jar hanyar na ga gonaki da yawa ba a yi musu sharar shuka ba. Mai unguwa ya yi mini ta'aziyya, ya yi addu'a. Sannan ya ce masu garkuwa da mutane sun shigo musu cikin bazara. An harbi babban 'yan sintirin a cinya, yana kwance a gidan 'yan'uwansa a gari. Gidaje da dama sun kwashe iyalansu, tsohuwar ma ɗanta ya zo ya tafi da ita Giwa.

Ya ce, "Ba korarku nake yi ba. Amma bayan dutsen nan yanzu ko mu ba ma zuwa sai mun haɗu da yawa. In wani abu ya same ku, ba ni da abin da zan faɗa wa mutanenku. Ku bari sai Allah ya kawo sauƙi."

Muka yi masa godiya, muka shiga mota. Dutsen na nan a gabanmu, tafiyar minti ashirin, ba mu hau ba.

Ƙarshen waccan shekarar Hajiya ta yi ritaya. Gwiwarta ta dama ta fara kumbura, 'yarta ta matsa mata ta koma Kaduna wurinta. Ta ba da gidan haya ga wasu ɗalibai. Mukan yi waya, ta tambayi jinina in tambayi sugarta, kowa ta ce da sauƙi.

Yanzu akwai filin wata firamare a Hayin Dogo, nan nake zuwa safiya biyu a mako. Fili ne fako, ba itace ko ɗaya, a gefe akwai juji. Nakan zagaya shi sau tara, wata rana in tsaya a biyar in koma gida. Wata abokiyar aikina, mutuniyar kudancin Kaduna, ta ce garinsu duk tsaunuka ne, akwai turbar da ke bin gefen wani rafi har inda ruwan ke zubowa daga sama, in zo mu je da hutu. Na ce mata to, bari a gama jarrabawa. An gama jarrabawar, hutun ma ya zo ya wuce, ban je ba. Ta sake yi mini maganar makon jiya a ɗakin malamai, na ce mata in Allah ya kai mu hutun Disamba zan duba.